Azumin da Aka Ce a Rufe Inji

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara, irin bazarar Minna da rana ke fitowa da fushinta tun ƙarfe takwas. Jiya da la'asar jikata Hafsa ta surfa wake ta zuba a 'yar na'urar markaɗenta, tana danna maɓalli aka ɗauke wuta. Ta tsaya riƙe da ƙugu tana hararar waken, ta ce, "Hajiya, yau dai babu ƙosai." Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo, ga baki a bushe. Turmi kuwa yana can bayan kicin a kife, kaji na hutawa a kansa. Ita ba ta ga abin dariya ba. Ni dariyar ta ɗauke ni ne ta kai ni wani azumin, shekara talatin da 'yan kai baya, wanda ya zo a irin wannan zafin, lokacin da unguwarmu kaf ta koma turmi saboda kalma guda.

A lokacin ina da injin niƙa a Tunga, a ƙofar gidanmu. Na ce ina da shi, amma na gado ne. Babanmu makanikin jirgin ƙasa ne, kakanmu ma aikin reluwe ya kawo shi Minna daga Kano. Da Baba ya ajiye aiki sai ya sayi injin ya kafa a ƙarƙashin rumfar kwano. Baƙin inji ne mai shan gas, da ƙatuwar taya da dogon bel, kai biyu gare shi, ɗaya na busasshen niƙa ɗaya na markaɗe. Ba a tayar da shi da maɓalli. Sai ka zura hannun ƙarfe ka juya, ka juya, har ka ji ya yi tari, sannan ka zare da sauri kafin ya mare ka. Da mijina ya rasu na dawo gida da 'ya'yana mata biyu, Baba ya koya mini aikin kafin shi ma ya bi. Mutane sun yi ta surutu, wai mace da inji. Na ƙyale su suka yi har suka gaji, suka dawo suna bin layi da kwanukansu. Da injin nan nake ciyar da Inna da yarana, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma ina ji da hakan fiye da yadda ya kamata.

Shekarar ta zo da wuya. Zamanin soja ne, an ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Sukari sai a ƙulla maka shi a leda kamar magani, madarar gwangwani kuwa mun manta ɗanɗanonta. Doyar bara ta yamutse a kasuwa, sabuwa ko tsiro ba ta yi ba, don manoman Maikunkele sun gama kunyar doya sun zuba wa sama ido. Hadari kan haɗu da yamma ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso, mu fito da bokitai da bahuna mu jera a ƙarƙashin indararo, sai ya watse ya bar mu da gumi. Famfo in ka murɗa huci kawai zai yi maka. Motar ruwa kan zo daga Chanchaga in ta ga dama, ranar kuwa har mai sallah sai ta sallame da sauri ta ɗauki jarka.

Duk da haka ina son azumi a bakin inji. Bayan asuba in share rumfa, in cika duron da ke sanyaya shi, in duba mai. Da hantsi a yi busasshen niƙa, gero da dawa da masara. Daga azahar markaɗe ke ɓarkewa, waken ƙosai da na alale, gasarar kunu, tattasai da attaruhu. Kwanuka su jeru daga bakin rumfa har gindin mangwaron maƙwabciyarmu Maman Bitrus, kowacce mace ta san nata da ƙyallen da ta ɗaure shi. Yunwa na cin ki amma ba ki da lokacin sauraronta, sai dai ki ji ladan ya kira magariba hannunki dumu-dumu da ƙullu.

Ran uku ga azumi Malam Ndagi ya zo. Shi ne duba-garin ƙaramar hukuma, mutumin Bida, gajere mai fara'a, kullum cikin kaki a goge. Hausarsa irin ta Minna ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa.

"Uwani, sabon doka ya fito," in ji shi. "Duk inji da yake cikin gari sai an kewaye shi, a sa kofa. Kuda yana sauka a kan abincin mutane, kai ma ka gani."

Na gani mana. Ƙudan lokacin mangwaro ba a gaya wa kowa labarinsu. Na ce, "Malam Ndagi, a cikin azumin nan? Ka bari mu sha ruwan Sallah."

"Ciyaman ya ce kwana bakwai. Mu muka ba ka lasin, mu ne za mu karbe."

Haka na kira magini, aka kawo bulo. Ruwan da muke tattali don kunu da alwala shi aka kwaɓa siminti da shi, ina kallo zuciyata na tafasa. A kwana huɗu rumfar Baba ta zama ɗaki mai bango huɗu da ƙofa ɗaya. Ƙuda ya daina shiga, gaskiya ne, iska ma ta daina. In na tayar da inji hayaƙi ya rasa hanya sai idona da maƙogwarona, kwanon sama na zubo wuta, ƙarfen ƙasa na tasowa da tasa. Nakan jiƙa tawul in ɗora a ka, ina kaffa-kaffa kada ɗigo ya gangaro mini baki. Sau biyu na fito na zauna a dakali ina ganin mutane bibbiyu.

Ran goma ga azumi, ana tsakiyar markaɗe, wani dogon mutum ya faka babur ya shigo da fayil a hammata. Daga baya na san sunansa Mista Danjuma, mutumin wajen Kuta, daga ofishin jiha mai kula da lafiyar masu aiki da injuna. Bai yi minti biyu a ciki ba ya fito yana tari yana share hawaye. Inji na ruri, sai da ya ɗaga murya.

"Wa ya ce ka yi wannan bango? Kana so ka mutu? Dokan jiha ya ce wurin aiki sai iska ya shiga. Ka fasa shi."

Na ce masa ƙaramar hukuma ce ta sa ni. Ya kaɗa hannu kamar mai korar kaza. Sannan ya nuna cikin ɗakin, inda ba a ganin komai sai hayaƙi, ya ce, "Inji kuma, ka rufe shi. Yau yau. In na dawo na same shi haka, ni da kai ne." Ya rubuta takarda da Turanci, ya buga hatimi a kan sirdin babur ɗinsa, ya miƙa mini ya tafi.

Wanda bai zauna a wancan zamanin ba zai ce me ya hana ni bin sa in tambaya. A lokacin ba a musu da takarda mai hatimi. Na kashe inji, na mayar wa mata wakensu, wani ya markaɗu rabi wani ko taɓa shi ba a yi ba, na nemo kwaɗo na datse ƙofar. Shirun da ya sauka a layinmu ranar har yanzu ina jin sa a kunnena. Na shiga gida na zauna kusa da Inna.

Washegari Malam Ndagi ya zo ya ga kwaɗo, fara'ar nan tasa ta ɓace. "Jiha ba shi da iko a kan injin nika," in ji shi, yana buga ƙafa. "Kasuwa namu, mahauta namu, inji namu. Bude."

Na ce, "In na buɗe suka zo da 'yan sanda, kai za a saka a mota ko ni?"

Ya karɓi takardar ya tafi da ita. Bayan kwana biyu sai ga shi yana washe baki kamar an yi masa haihuwa. Wai Ciyaman ya ce raini ya yi yawa, ya kai jiha kotu, a raba musu wa ke da iko da injinan cikin gari. "Lauya ya ce kada ka bude, kada ka taba bango. Injin ka shi ne shaida." Mutumin da shekaranjiya yake cewa in buɗe, yau shi ke roƙona in bar shi a kulle. Na rasa ko in yi kuka ko in ɗauko muciya.

Da yammar nan bayan shan ruwa Yaya Garba ya shigo. Shi ne babban wanmu, mai walda ne a kusa da tasha, mutum marar yawan magana. Kason da ya fi yawa a injin nasa ne, ko da yake ko ƙwayar gero bai taɓa karɓa ba. Ya daɗe yana cewa a sayar, ni kuma na daɗe ina yi masa kunnen ƙashi. Ya gaishe da Inna, ya sha kunu, ya ajiye ludayi.

"Uwani, kin ga abin da nake faɗa. Akwai wani Alhaji a Bida da ke son injin. Na ce masa ya zo jajiberin Sallah. In ranar ta yi bai tashi ba, ya ɗauka. Ke da yara da Inna, ni zan riƙe ku."

Na ce, "Yaya, ni ba kaya ba ce da za a riƙe."

Inna ta ce in kiyayi bakina. Shi kuwa ya sa takalmansa ya fita. Na san halinsa, in ya faɗi magana ya faɗa. Kwana goma sha shida ko sha bakwai suka rage mini, in wata ya yi nusan ko bai yi ba, kuma makullin injina yana hannun lauyoyin da ko ƙosai ba su san yadda ake yi ba.

Injin da ya fi kusa da mu yana can cikin kasuwa, mace ta kai kwano da azahar sai ta dawo bayan an sha ruwa. Dole aka koma turmi. Abin mamaki, Inna da tun rasuwar Baba ta zama sai tasbaha da kallon bango, ita ce ta fara miƙewa. Ta sa aka tono dutsen niƙan da muka mayar matakin banɗaki, aka wanke shi da toka, ta durƙusa ta nuna wa matan zamani yadda ake tura ɗan dutse da ƙugu ba da hannu ba. Tsakar gidanmu ta zama masana'anta. Kowacce ta kawo turminta, aka jera su a inuwar katanga, inuwar na matsawa muna matsawa da su.

A rana ta biyu Maman Bitrus ta shigo da matan danginta su shida, Gwarawa, kowacce da taɓarya a kafaɗa. Ta dube mu, leɓunanmu sun tsattsage, muna ɗaga taɓarya kamar masu roƙon ta gafara, ta ce, "Ku masu azumi ku zauna. Ku yi tankade, ku yi wanki na wake. Daka namu ne." Ba mu yi musu ba ko na kunya. Suka kama turame, uku uku a kan guda, suna luguden da ban taɓa jin irinsa ba, suna waƙa da yarensu, matan Nufawa na amsawa da nasu, mu Hausawa muna tafi da faifai. Ƙasa na amsawa a ƙarƙashin tabarma. In ƙishi ya kama Maman Bitrus sai ta ce, "Uwani, juya baya, zan yi laifi," ta zagaya bayan randa ta sha, ta dawo tana goge baki kada mu gani. Da magariba kuwa kowane gida ya aika mata da kwano, har ta zo tana roƙon a rage, wai mijinta ya fara tambaya yaushe za a ƙara wani azumin.

Ni ban iya zama ba, zama na sa ni tunanin Alhajin Bida. Na riƙa karɓar dutsen niƙa daga hannun Inna har tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Wajen ƙarfe uku ne abin ya fi tsanani. Ƙamshin tsamiyar da aka jiƙa ya cika gida, mangwaro ya faɗo tim a kan kwano, yara su ruga su dawo suna tsotsa ruwan na bin gwiwar hannunsu, ke kuma harshenki ya manne a ganɗa. Ƙosan dutse ba ya laushi kamar na inji, amma wallahi ban sake cin mai daɗinsa ba. Ko yunwa ce, oho.

Shari'ar kuwa ta zama mana wasa. Matan tsakar gida suka rabu, 'yan jiha da 'yan lokal, wato ƙaramar hukuma, wadda mijinta ke masinja a sakatariya ta kawo labari, wadda ƙaninta ke direba a ma'aikata ta ƙaryata. A yi ta gardama a kan ikon gwamnati ana tankaɗe, gari fari fat a gashin ido. Ni kaɗai ce ba ni da jam'iyya, duk wanda zai buɗe mini ƙofa shi ne nawa.

Ran ashirin da shida aka kira mu kotu. Mota guda muka cika, har Maman Bitrus sanye da atamfar ashoben cocinsu. Fanka ba ta aiki, ga lauyoyi cikin baƙaƙen riguna da hular gashi a wannan zafi, har tausayi suka ba ni. Tafinta na juya mana. Lauyan ƙaramar hukuma ya ce injin niƙa na cikin abubuwan da doka ta damƙa musu, jiha ta yi shisshigi da ta rufe. Lauyan jiha bai ma ce ba su rufe ba. Cewa ya yi ƙaramar hukuma 'yar cikin jiha ce, in jiha ta ga dama ta rufe inji ɗari. Aka karanto takardar da aka ba ni, ashe ba ta ce komai ba sai dai a bi umarnin da aka bayar da baki. Alƙalin dattijo ne, daga leɓensa na gane shi ma yana azumi. Ya ce to wane umarni ne, kuma ina wanda ya bayar?

Mista Danjuma na can kujerar baya, shekaranjiya ya dawo daga rangadi, ba wanda ya tambaye shi komai. Aka fara kirana. Na ce ya ce in fasa bango, kuma in rufe inji yau yau. Aka kira shi, ya ce, "Haka ne, na ce ya rufe." Alƙali ya yi masa wata tambaya da Turanci. Ya amsa da Turanci, yana zana wani abu a iska da hannuwansa kamar akurki. Sai na ga alƙali ya cire tabarau ya dafe goshi. Tafinta ya ciji leɓe ya juyo gare ni.

"Malama, wai cewa ya yi ki rufe bel ɗin da murfin ƙarfe, yadda ake rufe tukunya, kada ya fizgi zaninki. Bai ce ki daina aiki ba."

Maman Bitrus ce ta fara, wata irin dariya daga ciki, sai mata suka ɗauka, har ɗan sandan bakin ƙofa ya juya wa alƙali baya kafaɗunsa na rawa. Ni na buɗe tafin hannuna ina kallo. Kwana goma sha shida muna daka, jiha da ƙaramar hukuma sun ɗauki lauyoyi, a kan murfi. Mista Danjuma ya dube ni da gaske ya ce, "Ai Hausa na yi maka." Nan ni ma na fashe.

Alƙali ya ce tunda ba wanda ya rufe inji, ba abin da zai buɗe. Maganar wa ke da iko kuma ya ɗage ta sai bayan Sallah, kuma iyakar sanina har yau ban ji ƙarshenta ba. Na ɗaga hannu kamar 'yar makaranta na ce, "Ranka ya daɗe, bangon fa? Wannan ya ce in gina, wancan ya ce in rushe." Ya ce ai ita ce maganar da ya ɗage. Sannan ya ƙara da Hausa, "In kin iya gamsar da su duka biyu, kotu ba ta hana ki ba."

A waje na tare su a gindin dogonyaro kafin kowa ya hau babur ɗinsa. Na tambayi Malam Ndagi ko dokarsu ta ambaci bulo. Ya ce a'a, a kewaye kawai ta ce, kada ƙuda ya shiga. Na tambayi Mista Danjuma, ya ce shi iska yake nema. Na ce to in na rushe rabin bangon na sama na buga raga fa? Wannan ya kalli gabas, wancan ya kalli yamma, don iyayen gidansu na shari'a bai kamata a gan su sun yarda da abu ɗaya ba.

"Ni ban ji komai ba," in ji Malam Ndagi. "Amma jajiberi da safe zan wuce ta layin ku."

"Ni ma zan wuce," in ji Mista Danjuma. "Amma murfi na karfe fa, mai karfi. In babu, wannan karo rufewan gaske zan yi."

Da taɓare muka rushe rabin bangon. Matan da suka yi sati biyu suna daka gero ba bulo ne zai gagare su ba, kowacce na dukansa da sunan wanda ya ɓata mata rai. Kafinta ya kafa katako ya ja raga. Ran ashirin da takwas da la'asar, yana buga ƙusar ƙarshe, hadari ya haɗu kamar kullum, ba wadda ta ko ɗaga kai. Sai iska ta kwashe faifai, sai ɗigo ya buga kwano ɗaya ɗaya, sai sama ta ɓalle. Ƙamshin ƙasar nan ya tashi. Muka fito fili, manya da mu, muka tsaya a ciki da zannuwanmu, ruwa na dukan fuska, kowacce ta damƙe baki gam kada azumi ya karye. Ba abin da ya kai dariya da baki a rufe wuya. Inna na bakin ƙofa tana ta hamdala tana tura bahuna da ƙafa.

Saura murfi. Na zaga masu walda uku, kowanne ya ce aikin Sallah ya yi masa yawa, kuma me ya kawo ni wurinsa ga yayana gwaninsu duka. Na ƙi zuwa. A raina na ce mutumin da ke jiran inji ya mutu ba shi zan je in roƙa ba. Na samo tsohon kwanon rufi, na lanƙwasa shi da dutse, na ɗaure da waya. Ni kaina na san abin da na yi, amma na ce Allah ya rufa asiri.

An ce in an ga wata gobe Sallah. Tun hantsi layi ya kai gindin mangwaro ya zarce, shinkafar waina, kayan miya baho baho, kowa ya ji labarin yau inji zai tashi. Malam Ndagi ya zo ya zaga ɗakin, ya leƙa ya leƙa bai ga ƙuda ba, ya sa hannu a takardarsa, ya koma gefe yana nazarin mangwaro. Mista Danjuma ya iso, bai gaishe shi ba, ya shiga ya shaƙi iska ya gyaɗa kai. Sannan ya sa yatsa ɗaya ya taɓa murfina. Ya faɗi ƙasa da ƙara, gaban kowa. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya fara buɗe fayil.

Daidai nan wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, Yaya Garba a tsaye a bayanta. Na ce shi ke nan, ga motar Bida. Ban san lokacin da na tsaya a ƙofar ɗakin na ware hannuwa ba, na ce, "Sai dai ku ɗauke ni tare da shi."

Ya diro, bai kalle ni ba. Ya jawo wani abu daga bayan motar, akurkin ƙarfe dogo, fentinsa ya koɗe, yanar gizo a kusurwoyinsa. Ya ce, "Matsa." Na matsa. Ya durƙusa ya kifa shi a kan bel ɗin, ya zauna daram, ƙusoshi huɗu kowacce ta faɗa raminta. Mista Danjuma ya kama da hannu biyu ya jijjiga, ya sa ƙafa ya tokara, ko motsi. Ya sa hannu a takarda ya fita ya tsaya a ɗaya gefen mangwaron.

Na ce, "Yaya, yaushe ka auna?"

Yana ɗaure noti ya ce, "Shekara huɗu ke nan. Bayan arba'in ɗin Baba na kawo miki shi. Kika ce in bar miki injin ubanki yadda ya bar shi."

Na manta, wallahi na manta. Sai da ya faɗa na tuna ranar, na tuna har yadda na tura ƙarfen da ƙafa, da yadda ya ɗauke shi ya fita.

"Kullum na wuce na ji ƙararsa, bakin zaninki nake gani kusa da bel," in ji shi. "Yaran nan sun rasa uba. Kwana biyu ina zaune a shago ina jiran ki zo ki tambaya."

"Alhajin Bida fa?"

"Na aika masa kada ya zo tun ranar da kuka dawo daga kotu."

Na zura hannun ƙarfe don in ɓoye fuskata. Na juya sau uku, inji ya ƙi, ya kwana biyu bai motsa ba, hannuwana kuma dutse ya gama da su. Yaya Garba ya tuɓe riga ya rataye a kan raga, ya karɓa. Ya juya, ya juya, inji ya yi tari, ya sake yi, ya kama. Hayaƙi ya bi ta raga ya fice. Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, Maman Bitrus ta cilla taɓarya sama, layi ya rushe kowa na turo kwanonta, har Malam Ndagi da Mista Danjuma na hango suna tafawa kafin su tuna.

Yana tsaye kusa da ni yana goge baƙin mai a hannunsa. Na ce, "Yaya, ka yafe mini." Ƙarar inji ta cika ɗakin. Ya sa hannu a bayan kunne ya ce, "Me kika ce?"

Na dubi matan da suka cika ƙofa, duk ido a kanmu. Na ɗaga murya na ce, "Na ce ka matsa, ka tare mini hanya."

Ya yi murmushi ya ɗauki rigarsa ya matsa. Yaya Garba ya yi shekaru masu yawa bayan nan kafin Allah ya karɓi abinsa, kullum muna tare, kuma ban sake ɗauko maganar ba. Har yau ban sani ba ko ya ji ta farkon.